Gidan sarauta yana son 'yar fim, amma ba ya son fim ɗinta

Duk mai kallon finafinan turawa ko na Indiya ya saba ganin wani ɗan rubutu da ake sakawa a farko ko a ƙarshe, wanda ke cewa wai duk mutanen da ke cikin labarin nan ƙirƙira ce, in kun ga kama da wani mai rai ko wanda ya mutu to dace ne kawai. Ba mai karanta shi, yawanci ma lokacin ne ake tashi a ɗebo ruwa. To wannan rubutun wata gimbiya ce silarsa, kuma sai da ta tatsi kamfanin finafinai na Amurka, MGM, kuɗi masu kauri kafin aka fara sa shi a ko'ina.

Sunanta Irina, 'yar ƙanwar Sarki Nicholas na biyu ce, sarkin Rasha na ƙarshe. Mijinta Yarima Felix Yusupov yana cikin masu kuɗin Rasha na gaske kafin juyin juya halin 1917, kuma shi ne da abokansa suka kashe Rasputin a gidansa a watan Disamba 1916. Rasputin ɗin nan wani ɗan ƙauyen Siberiya ne mai shigar masu addini, ya samu shiga fada sosai saboda sarauniya ta sakankance shi kaɗai ke iya kwantar da ciwon ɗanta, yaron yana da irin cutar nan da in jini ya fara zuba ba ya tsayawa. Bayan sarauta ta rushe Felix da Irina suka gudu, suka ƙare a Paris, dukiya ta tafi, sai suna da 'yan gwala-gwalan da aka samu aka fita da su. Ana nan a 1932 MGM ta fitar da Rasputin and the Empress, shi ne fim ɗaya tilo da 'yan gidan Barrymore su uku suka fito tare, Ethel ce sarauniya, Lionel ne Rasputin, John kuma shi ne yariman da ya yi kisan amma an canja masa suna. Sai suka ƙara gishiri, suka nuna wai Rasputin ya keta haddin matar da yariman zai aura, wata Gimbiya Natasha. Kuma don tsabar ganganci a farkon fim ɗin suka rubuta cewa wasu daga cikin mutanen labarin suna nan da ransu.

Shi Felix ba shi da bakin kai ƙara, tunda da hannunsa ya rubuta littafi ya ce shi ya kashe mutumin, wa zai ce ya ɓata masa suna? Amma matarsa tana da baki. Ta shigar da ƙara a Landan, ta ce duk wanda ya kalli fim ɗin ya san ita ake nufi da Natasha, alhali ita ko ganin Rasputin ba ta taɓa yi ba. Aka zauna shari'a a 1934, masu yanke hukunci suka kalli fim ɗin, Felix ya hau akwatin shaida ya ba da labarin daren kisan tiryan-tiryan a gaban kotun wata ƙasa, kai abun kamar shi ma fim. Aka yanke mata diyyar fam 25,000, MGM ta ɗaukaka ƙara ta sake faɗuwa, daga baya suka sasanta a wajen kotu da ƙarin wasu kuɗin don kar ta bi su sauran ƙasashe. Aka yanke sin-sin ɗin da ake rigima a kansu, fim ɗin ma aka ɓoye shi shekara da shekaru. Sauran kamfanoni da suka ga gemun ɗan uwansu ya kama da wuta sai kowa ya shafa wa nasa ruwa, daga nan ɗan rubutun ya samo asali.

Abun da ya sa na fara da Irina, ita ce wacce na fi ganin tana da gaskiya a duk labaran nan da zan kawo, an taɓa mutuncinta a kan abun da bai faru ba, ta je kotu, kotu ta ba ta haƙƙinta. Sauran kuwa yawanci ba kotu ba alƙali, fada ce kawai take ɗaga waya ko ta ɗaure fuska, sai ka ji fim ya ɓace ko jaruma ta ajiye sana'arta.

Shekarar shari'ar Irina ɗin ce kuma Hollywood ta shiga hannun masu almakashi da gaske. Akwai wata doka da ake ce wa dokar Hays, an rubuta ta tun 1930 amma ba mai bi, sai a watan Yuli 1934 aka kafa ofis aka ɗora wani ɗan Katolika mai ra'ayin riƙau, Joseph Breen, kuma daga ranar duk fim ɗin da bai samu hatiminsa ba manyan gidajen silima ba za su haska shi ba. Ba gwamnati ce ta kafa ba fa, su masu kamfanonin ne suka kafa wa kansu don tsoron kar coci ta sa a ƙaurace musu ko gwamnati ta shigo musu. Dokar ta hana doguwar sumba, ta hana a nuna zina a matsayin abun sha'awa, ta ce mugu dole ya ga sakamakonsa kafin a tashi, ba a yi wa malaman addini ba'a, sannan akwai wani layi da ya ce a mutunta tarihi da manyan mutanen wasu ƙasashe, wanda ni a ganina kasuwa suke karewa da shi, kar a rufe musu ƙofa a waje. Jaruma Mae West ce ta fi shan wuya, don ita sana'arta kenan magana mai harshen damo, finafinanta biyu na 1933 sun kawo wa Paramount kuɗi kamar me, amma da Breen ya zo hatta sunan fim ɗinta na 1934 sai da aka canja, aka bi zantukanta ana tsincewa ɗaya bayan ɗaya har armashin ya ragu. Masu wayo kuma suka koyi zagaye. Darakta Hitchcock a fim ɗinsa Notorious na 1946 ya sa Ingrid Bergman da Cary Grant suna sumba suna katsewa suna 'yar hira a kan abincin dare suna komawa, har sama da minti biyu, kuma ba inda za a ce ga doguwar sumba ɗaya. Sai 1968 aka yi watsi da dokar aka koma tsarin raba finafinai da shekarun mai kallo.

A Ingila kuma nasu salon daban. Can akwai wani babban hakimin fada, Lord Chamberlain, a lokacin shi ke ba wasan dandamali lasisi, kuma ya hana kowa ya fito a matsayin Sarauniya Victoria, ko da kuwa yabonta za a yi. Wasan da wani Bature ɗan Ingila ya rubuta a kanta sai a Amurka aka yi ta nuna shi a bainar jama'a tun 1935, Helen Hayes tana fitowa a sarauniyar, yawancin mutanen Landan kuwa sai dai su ji labari. Sai da aka cika shekara 100 cif da hawanta mulki, wato Yuni 1937, sannan aka buɗe ƙofa, nan take Anna Neagle ta fito a Victoria the Great, ya samu karɓuwa har aka yi masa na biyu a shekarar da ta biyo. Kun ga nan ba maganar tarbiyya ake ba, cewa ake fuskar sarauta ta fi ƙarfin 'yar wasa ta ara.

Wacce labarinta ya fi tsaya min a rai kuwa ba a Turai take ba, a Masar take, kuma ba a cika ambatonta ba in ana irin wannan hirar. Bahija Hafiz, 'yar babban gida ce a Iskandariyya, gidan masu muƙamin Pasha, ta yi karatun kiɗa har a Paris, tana tsara kiɗa da kanta. Da ta fito a fim ɗin Zainab na 1930, tun fim bai fara magana ba a Masar, danginta suka ɗauke shi abun kunya suka juya mata baya. Ba ta fasa ba, ta kafa kamfaninta, ta zama ita ce jaruma ita ce furodusa ita ce mai kiɗa, sannan a 1937 ta zuba dukiyarta a wani gagarumin fim na tarihi, Laila 'Yar Sahara, a kan tsohon labarin Larabawa na wata Laila da aka sace aka kai wa Kisra sarkin Farisa, ta ƙi ba da kai, har masoyinta ya zo ya ƙwato ta. Dawakai, fada, kayan sawa, taron jama'a, duk an kashe kuɗi. To rashin sa'a sai ga maganar aure ta taso tsakanin Gimbiya Fauziyya ƙanwar Sarki Faruk da yarima mai jiran gadon Iran, wato Farisa, Muhammad Reza Pahlavi. Ta yaya za a ce ana shirin surukuta da gidan sarautar Farisa kuma gidajen siliman Alkahira suna haska sarkin Farisa a matsayin mai satar 'yan mata? Aka dakatar da fim ɗin. Aka ɗaura aure a fadar Abidin a watan Maris 1939, aka sha biki, Bahija kuwa kuɗinta suka narke. Sai 1944 aka bari ya sake fita, da sabon suna, Laila Baƙauyar Daji za mu ce ko Laila Badawiyya yadda suka kira shi, bayan an yi masa gyare-gyare, lokacin kuma kasuwa ta riga ta wuce shi.

Abun takaicin, auren da aka kashe fim ɗin dominsa ko shekara goma bai yi ba. Fauziyya ta dawo Alkahira a 1945 ba ta koma ba, a 1948 aka tabbatar da rabuwa. Matar da ba ta nemi yarima ba, ba ta shiga fada ba, Kisran da ta taɓa ya mutu tun kafin zuwan Musulunci ƙasar, amma ita ce ta biya kuɗin bikin wasu.

Ba ita kaɗai ba ce ma a lokacin. A 1938 an hana wani fim, Lashin, saboda ya nuna talakawa sun tayar wa azzalumin sarki, sai da aka canja ƙarshen ya zama sarkin mutumin kirki ne mugayen fadawa ne suka ɓata shi, sannan aka bar shi ya fita. Da sojoji suka kifar da Faruk a 1952 sai almakashin ya juya kansa, aka bi tsofaffin finafinai ana goge hotonsa duk inda ya fito a bangon ofis ko kotu, shi ya sa in kuna kallon finafinan Masar na da wani lokacin za ku ga wani baƙin tabo yana rawa a bango a bayan jarumi, to sarki ne a wurin.

Shi kuma Muhammad Reza, wanda ya zama Shah wato sarkin Iran, bayan Fauziyya ya auri Surayya a 1951, ya sake ta a 1958 saboda ba ta haihu ba kuma gadon sarauta na neman namiji. Ita ce ta bi hanyar a juye, daga fada zuwa lokeshan, a 1965 ta fito a wani fim na Italiya na furodusa Dino De Laurentiis. Fim ɗin bai je ko'ina ba, kuma tun lokacin ake raɗe-raɗin wai Shah ne ya sa aka bi kwafe-kwafen aka saye don kar a ga tsohuwar matarsa a majigi.

Yanzu mu zo kan waɗanda suka shiga fadar da ƙafarsu. Rita Hayworth, asalin sunanta Margarita Cansino, babanta ɗan rawa ne daga Sifen, kamfanin Columbia ya canja mata suna, ya rina mata gashi ja, har gashin goshinta aka cire da lantarki don goshin ya ƙara faɗi. A Gilda na 1946 safar hannu ɗaya kawai ta zare tana waƙa amma aka yi ta surutu kamar ta aikata wani babban abu, kuma Breen bai samu inda zai sa almakashi ba don ba dokar da ta hana cire safar hannu. A 1948 ta haɗu da Yarima Ali Khan, ɗan Aga Khan na uku, shugaban Isma'iliyya, wani reshe na Shi'a, mutumin da mabiyansa suka taɓa auna shi da zinariya a 1936 suka sake auna shi da lu'ulu'u a 1946. Lokacin aurenta da Orson Welles bai gama warwarewa ba, shi ma yariman da matarsa, suna ta yawo tare ƙasa-ƙasa, ƙungiyoyin mata a Amurka suka fara kiran a ƙaurace wa finafinanta. A ranar 27 ga Mayu 1949 aka ɗaura aure a wani ƙaramin gari, Vallauris, kusa da Cannes a Faransa, kuma magajin garin da ya ɗaura auren yarima da tauraruwa ɗan kwaminis ne, wannan kam yana ba ni dariya. Da aure ya ɗauru sai surutu ya lafa, jaridun da ke zaginta suka koma kiranta gimbiya.

Ku kwatanta da Ingrid Bergman a daidai wannan lokacin. Ita ma ta bar mijinta ta bi wani, amma nata ba yarima ba ne, daraktan Italiya ne, Roberto Rossellini. A watan Maris 1950 wani sanata, Edwin Johnson, ya miƙe a zauren majalisar dattawan Amurka ya yi mata wankin babban bargo, ya ce ita fitina ce ga tarbiyyar ƙasa. Ta yi shekaru ba ta aiki da Hollywood. Ba wai ina wanke ko ɗaya a cikinsu ba ne, abun da suka yi ba abun koyi ba ne, amma laifi iri ɗaya hukunci biyu, ɗaya rawanin mijinta ya rufe ta ɗaya kuma ba rawani. Kuma da me Ingrid ta dawo? Da Anastasia na 1956, inda ta fito a matsayin matar da ake zaton 'yar Sarki Nicholas ce, wato 'yar kawun Irina da muka fara da ita, ta ci Oscar da shi, Amurka ta yafe mata.

Rita dai ba ta ji daɗin gimbiyancin ba. Gida kullum cike da baƙi, tseren dawaki, liyafa, miji mai yawan kule-kule, ita kuma mace ce mai kunya da ke son zama shiru. Ta haifi 'yarsu Yasmin a ƙarshen 1949, a 1951 ta kwashi 'ya'yanta ta koma Amurka, a 1953 aure ya mutu bayan doguwar rigima a kan riƙon yarinyar da addinin da za ta tashi a ciki. Ta koma Columbia wurin Harry Cohn, maigidan da ba sa ga maciji da juna, don ba ta da wani abun yi. Shi ma Ali Khan bai tsira ba, da mahaifinsa ya rasu a 1957 sai wasiyya ta tsallake shi ta ba ɗansa Karim shugabancin. Ya zama wakilin Pakistan a Majalisar Ɗinkin Duniya, a 1960 ya mutu a haɗarin mota a kusa da Paris. Yasmin ɗin nan ce ta yi jinyar uwarta da cutar mantuwa ta kama ta har ta rasu a 1987.

Grace Kelly kuwa, jarumar Amurka da ta auri yariman Monako, kowa ya san hoton bikinta, amma ba kowa ya san cinikin da ke ƙarƙashinsa ba. Monako a lokacin ƙasa ce da faɗinta bai wuce murabba'in kilomita biyu ba, abincinta gidan caca da masu yawon buɗe ido, kuma a lokacin akwai yarjejeniyar 1918 da Faransa wadda ta sa in yarima ya mutu ba magaji to ƙasar za ta koma ƙarƙashin Faransa. Yarima Rainier na uku yana buƙatar mata, yana buƙatar ɗa, yana kuma buƙatar duniya ta waiwayo ƙasarsa. Grace ta je bikin finafinai na Cannes a watan Mayu 1955, ba ta daɗe da cin Oscar ba, mujallar Paris Match ta shirya su haɗu a fada don a ɗauki hoto, ranar ma ana yajin aiki ba wuta ba ta samu ta goge kayanta ba, yariman kuma ya makara ya bar ta tana jira. Ba a yi shekara ba aka ɗaura aure, 18 da 19 ga Afrilu 1956. Tana da sauran kwantiragi da MGM, sai aka yi musaya, kamfanin ya ba ta rigar amarya kyauta wadda telarsu Helen Rose ta tsara, aka ba shi izinin ɗaukar bikin ya mayar da shi fim ya haska a silima, ita kuma aka sake ta. An kiyasta mutum miliyan 30 suka kalla a talabijin. Tana da shekara 26, finafinai 11, shi kenan an rufe littafi.

Labarin da ya daɗe yana yawo, har a littattafan tarihin rayuwarta, shi ne yariman ya hana a haska finafinanta a cikin Monako. Ku duba fa, saboda finafinan nan aka san ta, saboda su aka nemi aurenta, saboda su jiragen ruwan masu kuɗi suka cika tashar ƙasar, amma talakawanta ba za su ga uwar ƙasa tana sumbatar Cary Grant ba. A 1962 Hitchcock ya ba ta babban rol a Marnie, har fada ta sanar za ta yi, sai mutanen Monako suka ce ina, gimbiyarsu ba za ta fito a matsayin ɓarauniya ba, ga shi lokacin ana tsakiyar rikicin haraji da Shugaba de Gaulle na Faransa wanda har ya kai ga kafa shingen kwastan a kan iyaka. Ta janye, Tippi Hedren ta samu rol ɗin. Daga baya sai dai karatun waƙoƙi a dandamali da ayyukan jinƙai, har ta rasu a watan Satumba 1982 bayan motarta ta faɗa kwari a hanyar dutse. Ko a 2014 da aka yi fim a kan wannan shekarar ta 1962, Nicole Kidman ta fito a matsayinta, 'ya'yanta sun fito sun ce ƙarya ce a ciki, suka ƙi zuwa bikin buɗe shi a Cannes. Mu nan da muka saba ganin jaruma tana tashe sai a wayi gari ta yi aure an daina ganinta, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Na Tailan gajere ne amma mai tsauri. The King and I na 1956, Deborah Kerr ta fito a malamar Ingila Anna Leonowens da ta koyar da 'ya'yan Sarki Mongkut a shekarun 1860, an hana shi a ƙasar, haka wanda Jodie Foster ta yi a 1999, shi ma ba a bari an ɗauke shi a can ba sai Malesiya aka je, kuma da ya fito aka hana shi. A nan kam ina ɗan fahimtarsu, Mongkut malami ne da ya yi shekara 27 a gidan ibadar Buda kafin ya hau mulki, ya iya Turanci da Latin, ya lissafa kusufin ranar 1868 daidai, sai a mayar da shi wani mai tsalle-tsalle ba takalmi da baturiya ke koya wa wayewa. Sai dai dokar da ke kare sarautar tasu ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ne, ba wasa ba.

Bari in rufe da Indiya tunda su ne namu na gida, kusan duk wanda ya tashi a Kano ko Kaduna ko Zinder ya san fuskokin. Kun san Saif Ali Khan ai. To mamansa Sharmila Tagore tauraruwa ce babba a shekarun 1960, babansa kuma Mansoor Ali Khan, Nawab na Pataudi, kyaftin ɗin ƙungiyar kurket ta Indiya tun yana ɗan shekara 21, da ido ɗaya ma yake wasa bayan wani haɗarin mota. Lokacin masu tace finafinai na Indiya sumba ma ba sa bari, shi ya sa muka tashi muna ganin furanni biyu suna haɗa kai in soyayya ta yi zafi, alhali tun 1933 Devika Rani ta yi doguwar sumba a Karma ba wanda ya yanke. A irin wannan yanayin Sharmila ta fito da kayan ninƙaya a bangon mujallar Filmfare a 1966 da kuma fim ɗin An Evening in Paris a 1967, ƙasa ta ɗauka. Akwai labarin da ake bayarwa cewa da ta ji uwar wanda za ta aura, Begum ta gidan sarautar Bhopal, za ta shigo Bombay, sai ta tura direbanta cikin dare ya bi unguwa yana ciccire fostocin fim ɗin. Aka yi aure a ƙarshen shekarun 1960, ta musulunta ta ɗauki sunan Ayesha, kowa ya ce shi kenan an yi rashin jaruma.

Ba ta daina ba. Manyan finafinanta ma bayan haɗuwarta da Nawab suka zo, Aradhana da Rajesh Khanna a 1969, Amar Prem a 1972, Mausam a 1975 wanda ya kawo mata kyautar ƙasa. Wasu za su ce mijin ne mai sauƙin kai, kuma na yarda akwai wannan, amma ni ina ganin akwai wani dalilin, sarautar Pataudi lokacin suna ne kawai ya rage, ba ƙasa ba talakawan da za su yi bore kamar na Monako, kuma a 1971 gwamnatin Indira Gandhi ta gyara tsarin mulki ta soke laƙaban sarakunan gargajiya da albashin da ake ba su gaba ɗaya. Ku kwatanta da wata jarumar kafin ita, Zubeida, wadda ta bar fim ta shiga gidan Maharaja Hanwant Singh na Jodhpur a matsayin amarya a kan uwargida, fada ba ta taɓa sakin jiki da ita ba, suka mutu tare a haɗarin ƙaramin jirginsa a watan Janairu 1952, ɗanta na auren fari ne ya rubuta labarinta aka yi fim a 2001 Karisma Kapoor ta fito a matsayinta.

Sharmila kuwa, yarinyar da aka ce ta sa a ɓoye fostocinta don kar suruka ta gani, a 2004 gwamnatin Indiya ta naɗa ta shugabar hukumar tace finafinai ta ƙasa, ta riƙe almakashin har 2011, furodusoshi suna zuwa gabanta suna roƙon kar a yanke musu sin. A 2012 ɗanta Saif ya auri Kareena Kapoor, ƙanwar Karisma ɗin, ita ma har yau tana fim.